Allah Ba Ɗan Kasuwa Ba Ne

Waɗanda suke jiran ci gaban labarinmu ku yi mini afuwa, wannan makon na ajiye shi gefe, domin akwai wata magana da ta tsaya mini a maƙogwaro tun watan jiya, in ban furzar da ita ba alƙalamina ba zai yi tafiya ba. Da yawanku kun san ni Kirista ce, Bahaushiya 'yar ƙasar Malumfashi, kuma ban taɓa kawo zancen coci a wannan fili ba. Yau zan kawo. Da 'yan'uwana mabiya Almasihu nake, amma 'yan'uwa Musulmi ku ma ku gyara zama, don sunayen da zan ambata, irin su Ayuba da Yusufu, ba baƙinku ba ne, sannan kafin in gama laifin zai biyo ta kanmu mu marubuta da ku masu karanta mu.

Akwai wata baiwar Allah da muke Zumuntar Mata tare da ita. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku da injin markaɗe guda ɗaya, da shi take ci da su, da shi take biyan kuɗin haya da na makaranta. Ɗanta na fari, mai shekara 11, yana da ciwon sikila. Duk wanda ya taɓa jinyar mai sikila ya san abin da nake nufi: daren da yaro zai kwana yana ihu ƙashinsa na sara, uwa na zaune ba abin da za ta iya sai shafa masa ƙafa, gari na wayewa a nufi asibiti neman ƙarin ruwa ko ƙarin jini.

Ana nan sai wani mai wa'azi ya sauka a unguwarmu da fosta da lasifika da janareta, taron kwana uku. A dare na ƙarshe ya ce duk mai son Allah Ya taɓa matsalarsa ya shuka iri, kuma irin da bai yi wa mai shi zafi ba ba ya tsirowa. Ya fara kira daga masu naira dubu 100, ya sauko masu dubu 50, har zuwa masu dubu 5, kowa da layinsa, kowa da irin addu'ar da ta dace da aljihunsa. Baiwar Allah nan ta sayar da injinta ta shiga layin farko. Aka ba ta 'yar kwalbar mai, aka ce ta shafa wa yaron, aka kuma ja mata kunne cewa komawa asibiti bayan an yi addu'a alamar shakka ce. Hunturu ya shigo, ciwon ya tashi kamar yadda ya saba tashi da sanyi, ta yi ta shafa mai kwana biyu. Ran na uku da maƙwabta suka tilasta mata aka ɗauke shi, a hanya ya cika.

Mutuwa ta kowa ce, ba ita ta sa ni wannan rubutu ba. Abin da ya sa ni shi ne maganar da na ji da kunnena a wurin zaman makoki. Wata daga cikin masu bin mai wa'azin nan ta durƙusa gaban uwar yaro, ta yi mata gaisuwa, sannan ta ce, “Mama, sai dai ki binciki kanki. Ko dai akwai shakka a zuciyarki lokacin da kika shuka, ko kuma tsafin kakanninku ne har yanzu bai karye ba.” Uwar ba ta ce uffan ba. Sai da dare ya yi, mutane suka watse, ina taya ta naɗe tabarmi, ta riƙe hannuna ta ce, “Yaya, ki gaya mini gaskiya, ni na kashe shi?”

Haba jama'a! An karɓe mata inji, an hana ta asibiti, ɗanta ya mutu, sannan a ɗauki gawar a aza mata a ka? To ni yau ina so in amsa mata a bainar jama'a, in kuma amsa wa duk mai wannan koyarwa, ko yana da coci mai cin mutum dubu goma ko rumfar kwano ce a bayan gari.

Da farko dai sikila ba tsafi ba ce. Gado ce ta jini. Idan uwa AS ce uba ma AS ne, kowane ciki aka ɗauka akwai yiwuwar kashi 1 cikin 4 yaron ya fito SS, ko iyayen fastoci ne, ko limamai ne, ko 'yan bori ne. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan jariran da ake haifa da wannan ciwo, kuma gwajin jini na 'yan mintoci kafin aure shi ne yake nuna wa mutane inda suka tsaya. Wanda ya san wannan ya ɓoye wa mace don ya karɓi kuɗinta azzalumi ne, wanda kuma bai sani ba ba shi da hurumin hana ta zuwa wurin waɗanda suka sani.

Ita wannan koyarwa da ke cewa samu shaidar Allah Yana tare da kai ne, rashi kuma shaidar Ya juya maka baya, ba a cocin iyayenmu muka tashi muka same ta ba. A Amurka ta yi tashe, a birnin Tulsa na jihar Oklahoma, inda Oral Roberts ya yayata zancen shuka irin bangaskiya har ya fitar da littafi a kai a 1970, Kenneth Hagin kuma ya buɗe makarantarsa ta Rhema a 1974. A nan gida, Benson Idahosa na birnin Benin, wanda ya rasu a 1998, yana cikin manyan da suka buɗe mata ƙofa. Ta kuwa iske ƙasa a jiƙe. Daga 1986 da gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP, naira ta faɗi, albashi ya daina kai mutum ƙarshen wata, daga baya masaƙun Kaduna da Kano suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuwa, kasuwar masu sayar da albarka sai ta ƙara buɗewa, domin yunwa ita ce babbar dillaliyarsu. Abin da ba sa gaya muku shi ne, shi kansa Hagin kafin ya mutu ya rubuta littafi a shekarar 2000 yana tsawata wa almajiransa a kan yadda suka mai da abin hanyar tatsar mutane. A 2010 kuma shugabannin ikilisiya sama da 4,000 daga ƙasashe 198 suka taru a Cape Town ta Afirka ta Kudu a taron Lausanne, takardar da ta fito daga taron ta yi tir da wannan koyarwa ƙarara. Saboda haka kada wani ya ce wata marubuciyar littattafan soyayya ce kawai take surutunta.

Amma mu bar Turawa da tarukansu, mu buɗe Littafi Mai Tsarki da ke hannun kowa, wanda aka gama fassara shi da Hausa tun 1932. Ayuba yana da tumaki 7,000 da raƙuma 3,000, da shanun noma bi-biyu har 500, da jakai mata 500, da 'ya'ya maza 7 mata 3. A yini ɗaya duk suka tafi, sannan miyaku suka rufe shi daga tafin ƙafa har ka. Littafin tun a farkonsa ya share mana shakka cewa mutumin nan ba wani laifi ya yi ba. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, suka zo ta'aziyya, suka zauna a ƙasa tare da shi kwana 7 ba wanda ya buɗe baki. Wallahi da a nan suka tsaya da sun zama abin koyi har abada. Sai suka fara magana, maganar kuwa ita ce dai wadda aka gaya wa uwar yaron nan: ruwa ba ya tsami banza, ka binciki kanka, akwai abin da ka ɓoye. Sura bayan sura suna kare Allah da ƙarya. Da Allah Ya tashi yin magana a ƙarshe, da wa Ya yi fushi? Da abokan nan masu wa'azi. Ayuba da ya yi kuka, ya yi gardama, ya la'anci ranar da aka haife shi, shi aka ce ya yi musu addu'a kafin a yafe musu. Duk mai zuwa gidan makoki da lissafin zunubin mamaci ko na uwarsa, ya sani layin Elifaz ya shiga.

Yesu da kanSa an kawo maSa wannan tambaya. A Yohanna sura 9 almajiranSa sun ga wanda aka haifa makaho, suka nemi sanin ko zunubinsa ne ko na iyayensa, wato dai zancen tsafin kakanni da ake yi mana yau. Ya kawar da duka biyun, Ya mai da hankalinsu ga aikin Allah da za a gani a kan mutumin, sannan Ya tashi Ya yi aikin. A Luka sura 13 Ya ɗauko labarin mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa, Ya ƙi yarda cewa sun fi sauran mutanen Urushalima laifi. To in Ubangijin da kuke kira da lasifika Ya ƙi yin wannan lissafi, ku wa ya ba ku littafin ajiyar Allah da har kuke karanta wa mutane abin da ake bin su?

Ku auna manzo Bulus da mudunku mu gani. Da bakinsa ya lissafa wa Korintiyawa: sau 5 ana yi masa bulala 39, sau 3 ana dukansa da sanduna, sau ɗaya aka jajjefe shi da duwatsu, sau 3 jirgin ruwa na fashewa da shi, ga yunwa ga sanyi ga rashin sutura. Akwai wata cuta ko damuwa da ya kira ƙaya a jikinsa, sau 3 yana roƙo a cire masa, ba a cire ba. Wasiƙar da ya fi zancen farin ciki a cikinta, ta Filibiyawa, daga kurkuku ya rubuta ta, a ciki kuma ya ce ƙoshi da yunwa duka ya koyi zama da su. Ashe ƙoshi ma sai an koya. Wane iri ne Bulus ya kasa shukawa? In kuma kun ce wannan zamanin da ne, ga na jiya-jiya. Rabaran Lawan Andimi na ikilisiyar EYN, shugaban CAN na Michika a jihar Adamawa, 'yan Boko Haram suka kama shi a farkon Janairun 2020, duniya ta gan shi a bidiyo yana magana a natse ba tare da ya saki bangaskiyarsa ba, kafin watan ya ƙare suka kashe shi. Wutar nan ta ci Kirista ta ci Musulmi a Arewa maso Gabas, malamai da limamai da yawa sun tafi a cikinta. Akwai mai ƙarfin halin da zai je Michika ya gaya wa iyalinsa cewa ƙarancin bangaskiya ne ya jawo masa?

Na san abin da za ku ce, don an sha gaya mini. Za ku ce ai Ayuba an ninka masa a ƙarshe, tumaki 14,000, raƙuma 6,000. Gaskiya ne, kuma ban ce Allah ba Ya buɗa wa bawanSa bayan ƙunci ba. Amma ku tambayi duk macen da ta taɓa binne ɗa, ko haihuwar goma a baya tana share kabarin goma na farko. Sannan Ayuba bai biya ko sisi ba kafin a mayar masa. Wanda ya nemi sayen baiwar Allah da kuɗi a cikin Littafin shi ne Siman mai sihiri na Samariya, kun kuma san irin wankin babban bargon da Bitrus ya yi masa. Wanda ya bi mara lafiya a baya ya karɓi kuɗin warkarwa shi ne Gehazi baran Elisha, ya karɓi azurfar Na'aman, ya kwashi kuturtar Na'aman a kai. Za ku kuma ce ba a taɓa bawan Allah. Mutanen Biriya Bulus da kansa ne ya yi musu wa'azi, suka koma suna bin Littattafai kullum don su ga ko abin da ya faɗa haka yake, aka kuwa yabe su a kan haka. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kada kuma wani ya ɗauka talauci nake yi wa kirari. Akwai wasu namu a ɗaya gefen da su ma nake da magana da su, masu ce wa kowace irin wahala nufin Allah don kada su motsa. Asibiti ba magani saboda wani ya sace kuɗin, a ce haƙuri. Miji yana dukan mace har ya karya ta, dattawan ikilisiya su ce ta ɗauki gicciyenta. Saurayi da budurwa duka AS, a ce a ɗaura bangaskiya za ta gyara. Wannan ma ƙarya ce aka yi wa Allah, ƙanwar waccan ce uwa ɗaya uba ɗaya. Mai sayar da albarka da mai wa'azin naɗe hannu duka sun bar mai wahala a inda suka same shi, bambancin kawai na farko ya tafi da injinsa.

To mene ne amfanin wahala, in ba hukunci ba ce? Ni ban isa in gaya wa kowa dalilin da ya sa Allah Ya bar abu ya same shi ba, Ayuba ma har littafin ya ƙare ba a gaya masa dalili ba. Abin da na sani shi ne abin da na ga wahala ta haifa a gidanmu. Kakana na wajen uba kuturu ne. Danginsa suka yi masa bukka a bayan gari, daga baya aka kai shi Babbar Ruga ta Katsina, ɗaya daga cikin wuraren jinyar kutare da mishan ɗin SIM ta riƙe tun shekarun 1930, tare da Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato. A can aka wanke masa miki, a can ya koyi karatu da yatsun da suka rage masa, a can ya ji bishara. Duk wanda ya iya karatu a zuriyarmu, har da ni da nake wannan rubutu, daga tabarmar kuturun nan ya samo shi. Su kansu waɗanda suka fara wannan mishan, su uku ne suka sauka Legas a ƙarshen 1893. Walter Gowans ya mutu a Girku, Thomas Kent ya mutu a Bida, duka a 1894, ba su ga ko mutum ɗaya da ya karɓi saƙonsu ba, Rowland Bingham kaɗai ya koma gida da zazzaɓi a jikinsa. A mudun masu shuka iri waɗannan asararru ne. Amma daga wannan asara ikilisiyar ECWA ta fito a 1954, da asibitin Galmi na Jamhuriyar Nijar da aka buɗe a 1950, inda Musulmi da Kirista suke kwanciya gado kusa da gado. Ban ce kuturta alheri ce ba, cuta ce, kuma mun gode Allah da yanzu ana warkar da ita da magani. Cewa na yi Allah bai bar ta ta tafi a banza ba, kuma ta hannun mutanen da suka durƙusa suka wanke miki Ya yi aikin.

Yanzu bari in juyo kan samu, a nan kuwa kaina zan fara yi wa bulala. A shekarar 2006 wani littafina mai kashi uku ya karɓu. Masu karatu na lokacin kun tuna yadda abin yake: marubuci ya tara kuɗinsa ya kai maɗaba'a, ya ɗauko ya zuba wa 'yan kasuwa bashi, sai an sayar a ba shi. Wannan karon kafin in je karɓar kuɗin na ɗaya ana tambayar na biyu. Na sayi fili, na sayi keken ɗinki, na canza sutura. Ranar Lahadi na fita gaban jama'a ba da shaida, na ce Allah Ya dube ni ne saboda ban taɓa fashin fitar da zakka ba, duk mai son ya ga irin nawa ya yi irin nawa. Aka yi tafi aka yi guɗa. A bencin gaba akwai Gwaggona, ƙanwar babana, 'yar kuturun nan da na ba ku labari, wadda ta zo mana ganin gida daga ƙauye da silifas ɗinta ɗaure da waya. Ita ma ta yi tafi.

A hanyar komawa gida ta ce, “'Yar nan, na ji shaidarki, Allah Ya ƙara. Amma ni tun kafin a haife ki nake fitar da zakkar daddawata da gyaɗata, ban taɓa fashi ba. Nawa ne bai isa wurinSa ba, ko kuwa hanya ya ɓata?” Na rasa bakin magana. Muka yi 'yar tafiya sai ta ƙara da cewa, “Ba biyan ki Ya yi ba. Ya ba ki ne don Ya san akwai mu a bayanki.”

Na yi sakandare, na rubuta littattafai, na saurari wa'azi ba adadi, amma ban taɓa jin tauhidin da ya kai wannan ba. Shi ne kuma labarin Yusufu in kun lura. Yana ɗan shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna, shekara 13 tsakanin bauta da kurkuku a kan ƙazafi. Masu wa'azin samu a nan suke tsayawa, a kan zoben sarauta da karusa, su ce naka ma yana zuwa. Ba sa ƙarasawa. Shekara 7 na ƙoshi Yusufu bai yi su yana ba da shaida ba, ya yi su yana tara kashi 1 cikin 5 na amfanin gonar Masar a rumbuna, saboda shekara 7 na yunwa da ke tafe. Da yunwar ta zo, cikin waɗanda suka ci hatsin har da waɗanda suka jefa shi rijiya. Ramin da kujerar duka hanya ɗaya ce zuwa ga bakunan da za a ciyar. Ku gwada shi da mai arzikin nan na Luka sura 12, wanda gonarsa ta yi albarka ya ce zai rushe rumbunansa ya gina manya ya kwanta ya ci shi kaɗai, a daren aka karɓi ransa. Shi ma albarka ce ta same shi, ita ce kuma ta kashe shi.

Ni ban ji maganar Gwaggo da wuri ba, sai da duniya ta yi mini rawar 'yan mata. Waya ta shigo, masu karatu suka koma WhatsApp da Wattpad, kasuwar littafin takarda ta kwanta. Wani ɗan kasuwa ya riƙe mini kuɗin bugu guda har yau, sauran littattafan gara ta cinye su a ɗaki. Ana cikin haka maigidana ya samu shanyewar ɓarin jiki, na sayar da filin nan muka yi jinya shekara biyu. Zakkar da nake fitarwa ban daina ba, to ina ribar da na yi wa mutane alkawari a gaban bagadi? Waɗanda suka yi mini tafi ran nan ƙalilan ne suka leƙo. Gwaggo ce ta zo da ƙullin dawa da daddawa ta zauna da mu wata huɗu, tana juya mara lafiya tana yi masa waƙa. A jinyar nan na koyi yadda ake zama kusa da mai ciwo a yi shiru, abin da ban iya ba lokacin da nake da kuɗi. Da ban koya ba, da ba ni uwar yaron nan za ta riƙe wa hannu a daren makoki ba.

Saura mu marubuta. Mu faɗi gaskiya, wa'azin nan da nake suka mun daɗe muna yin sa a littattafanmu, ba tare da mun ambaci coci ko masallaci ba. Marainiya ta sha wuya a hannun matar uba a littafi na ɗaya da na biyu, a na uku sai ga wani mai kuɗi da mota ya aure ta, a tafi Dubai sayayya, matar uban kuma ta haukace ko mota ta take ta. Ni kaina na rubuta irinsa ya fi sau biyar, ku kuma in ba a ƙare haka ba sai ku ce littafin bai yi daɗi ba. Mun koya wa yara mata cewa ladan haƙuri gida ne mai bene, wadda kuma ta yi haƙurin ba ta ga bene ba sai ta zauna tana tuhumar kanta. Mu muka yi sharar gonar da mai kwalbar mai ya zo ya yi shuka a ciki. Ina littafin da za a rubuta a kan irin su Gwaggo, wadda ta rasu a ɗakinta na jinka ba ta mallaki komai ba, amma ranar jana'izarta ƙauyuka uku suka taru, kowa da labarin abin da ta yi masa?

Ga amsata gare ki ƙanwata, ko da yake na riga na ba ki ita a daren nan. Ba ke kika kashe shi ba. Ciwo ne ya kashe shi, waɗanda suka hana ki asibiti kuma suna da tambayar da za su amsa a gaban Wanda suka yi ciniki da sunanSa. Ke abin da kika yi shi ne kin sayar da duk abin da kika mallaka saboda ɗanki, Allah kuma Ya ga wannan, ko da hannun da ya karɓa na ɓarawo ne.

Mu a Zumuntar Mata mun yi karo-karo mun saya mata wani injin, na hannu ne, yana yi yana tsayawa. Har yanzu in ta ga yara sa'anninsa sun taso daga makaranta sai ta shige ɗaki. Amma makonni biyu da suka wuce ta tashi a taron matasa, muryarta na rawa, ta ce kada wanda ya kuskura ya kai kayan aure kafin ya yi gwajin jini, kuma duk mai yaro mai sikila ya yi addu'a a kan hanyarsa ta zuwa asibiti. Mutum huɗu sun je gwajin a satin. Dattawanmu kuma ina roƙonku, duk baƙon mai wa'azin da zai raba jama'a layi-layi bisa nauyin aljihunsu, a karɓe makirfon daga hannunsa tun kafin ya kai layi na biyu.

Wanda yake da raddi ya rubuto, fili a buɗe yake, amma ya zo da aya da sura, kada ya zo mini da labarin motar da wani ya samu. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu koma kan labarinmu, sai dai ina sanar da ku tun yanzu, na yaga ƙarshen da na riga na rubuta masa, ina sake wani. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar samu da ta rashi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Ku huta lafiya.